Wa Ake Kora? Sallamar Ma'aikaci a Wasan Barkwancin Talabijin, Daga Barikin Samanja Zuwa Lambunan Abalessa

Abalessa ƙaramin gari ne a ƙasar Ahaggar, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset, a kudancin Aljeriya. Kabari ne ya fitar da sunansa duniya: kushewar Tin Hinan, wadda Buzayen yankin suke ɗauka kakarsu, da Turawa suka tone a 1925 aka kwashi ƙasusuwan zuwa gidan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas. Sai dai masu rai ma suna da nasu labarin. Tun kafin a shata iyakoki, ayarin Buzaye ke ɗaukar gishirin Amadror zuwa Damargu su komo da gero, Hausa kuma ta biyo raƙuman, shi ya sa har gobe ana ciniki da ita a kasuwannin Tamanrasset. Yau 'yan ci-rani ne suka gaji hanyar: samarin Damagaram da Maraɗi da Tawa, masu noman lambu, leburorin gini, masu haƙar rijiya.

A watan azumi, bayan an sha ruwa, dariya iri biyu ke tashi a irin wannan gari. A ɗakin maigida akwatin talabijin na nuna wasan barkwancin da aka shirya a Aljiyas, wajen kilomita 2,000 daga nan. A bayan lambu kuwa, yaran maigida sun kewaye waya guda suna kallon wasan Hausa da aka tura musu ko suka sauko da shi daga YouTube. Wannan maƙala ta tsaya a tsakanin dariyar biyu ne, tana tambayar abu ɗaya: idan wasan barkwanci mai dogon zango ya zo korar ma'aikaci, wa yake kora, kuma wa yake so mai kallo ya tausaya wa?

Amsar da mai maƙalar ya samu ba ta da daɗin ji. Irin wannan wasa ba ya iya korar ɗan gida, domin mako mai zuwa dole a sake ganin fuskokin da aka saba. Don haka duk lokacin da labari ya buƙaci a kori wani, sai a nemo bare.

Inda aka fi ganin ɗinkin a fili

Babu inda wannan dabara ta fito ƙarara kamar a The Office, wanda Ricky Gervais da Stephen Merchant suka fara a BBC a 2001. Labarin wani reshen kamfanin sayar da takarda ne a garin Slough na Ingila, kuma tun kashi na farko aka sanar cewa za a rage ma'aikata. Me manaja David Brent ya yi da wannan fargaba? Ya kira Dawn, mai karɓar baƙi a ofishin, ya ɗaure fuska, ya ce an kama ta da satar 'yan takardun manne-manne na ofis, don haka ya kore ta. Sai da ta fashe da kuka ya ce wasa yake yi. A ƙarshen zangon aka yi masa tayin ƙarin girma, bisa sharaɗin a narkar da reshensa cikin na Swindon. Ya karɓa hannu bibbiyu, ya tara ma'aikata ya ba su labarin a matsayin mummuna da kyakkyawa: su za su rasa aiki, shi zai ɗaukaka. Da hawan jini ya kayar da shi a gwajin likita, sai ya juya ya ce da gangan ya faɗi don ya ceci mutanensa.

Amurkawa sun ɗauki labarin a 2005 suka mai da shi garin Scranton, suka yi ta yi har 2013. A wani kashi na watan Oktoban 2005, hedikwata ta umarci manaja Michael Scott ya sallami mutum ɗaya kafin wata ya mutu. Ya yi ta jan ƙafa har ranar ƙarshe, domin abin da ya dame shi kada a daina sonsa. Ya zaɓi wani dattijo, Creed. Dattijon ya tubure, ya ce ai ga Devon can, shi ya fi cancanta. Aka kori Devon, mutumin da mai kallo bai ma riƙe sunansa ba. Kamara kuma ba ta bi shi gida ba. Manajan ta bi, ta nuna shi zaune shi kaɗai cikin kaɗaici yana raba wa yara alewa, har mai kallo ya ji zuciyarsa ta karye saboda wanda ya yi korar.

Na 2007 ya fi muni. Creed ɗin nan dai, wanda aikinsa duba ingancin kaya ne, ya shekara bai leƙa masana'anta ba, sai ga takardu sun fita da zanen batsa. Ya bincika wace ma'aikaciya ce ba ta zo aiki ba a makon, ya samu wata Debbie Brown, ya ɗora mata laifin, aka kore ta. Sannan ya zagaya ofis da katin ban-kwana yana karɓar gudummawa da sunanta, ya soke kuɗin a aljihu ya jefar da katin. Mai kallo ya yi dariya har da hawaye, kuma dalilin da dariyar ta yiwu shi ne bai taɓa ganin fuskar matar ba.

Sallama iri biyu

Bahaushe yana da ma'aunin da zai auna wannan da shi, ba sai ya ara ba. A kasuwar Kantin Kwari ko ta Kurmi, idan aka ce maigida ya sallami yaronsa, sau da yawa albishir ne: yaro ya yi shekaru yana tsaron shago, an ba shi jari, ya zama mai cin gashin kansa. Kalmar nan guda ita ce kuma ofis ya ɗauka ya rubuta a kan takardar da ke raba mutum da abincinsa. A tsakanin sallamar biyu akwai wata ta uku da kowa ya sani, kora da hali: ba za a ce maka tafi ba, za a dai daina amsa gaisuwarka, a riƙe albashinka, a ɗora ƙaninka a kanka, har ka tattara da ƙafarka. Akwai kuma ƙorafin da yaran shago suka daɗe suna yi, cewa da zarar lokacin ba da jari ya ƙarato sai a wayi gari lissafi bai cika ba, a ce yaro ya yi ɓarna. Wanda ya san wannan ƙorafi, idan ya ga abin da Brent ya yi wa Dawn, ba zai buƙaci tafinta ba.

Ma'auni na biyu shi ne barkwancin kansa. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko Bakano da Bazazzagi, ko Bafillatani da Babarbare, ko Buzu da Bazabarme, wanda UNESCO ta sanya na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014, yana da sharaɗi: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Ka ce masa bawanka ne, ya ce kai ne nasa, a tashi ba wanda ya yi asara. Maigida da yaronsa ba taubasai ba ne. In maigida ya yi wasa da kora, yaro zai yi dariya ne don tukunyar gidansu na hannun mai wasan. Dariyar yaƙe ke nan, kuma wasannin talabijin da yawa suna sayar da ita da sunan raha.

Ba wai al'ada ba ta san yadda ake yi wa na sama dariya ba. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu. 'Yan kama sun mai da karatun malamai zancen tuwo da miya. Tashe, wanda shi ma a azumi ake yinsa, bai bar mai rowa ba, bai bar tsoho mai budurwar zuciya ba. Ƙofar a buɗe take tun da can.

Abin da aka kora a waje, abin da aka nuna a ciki

Shekarun da wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashe a talabijin su ne shekarun da aka fi korar ma'aikata a Najeriya, kuma wannan haɗuwa ta cancanci a dakata a kanta.

Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, ya taso daga Kaduna a shekarun 1970, bayan yaƙin basasa ya kumbura rundunar soja zuwa kusan mutum 250,000, gwamnati kuma ta shiga neman yadda za ta rage su. A 1975 Janar Murtala ya share ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, nan take, wasu a rediyo suka ji sunayensu. A 1984 gwamnatin Buhari ta sake yin wata sharar. A 1986 Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara tari. Abin da jama'a suka riƙe daga Samanja kuwa shi ne tsawar bariki, da Hausar da ke karo da Turancin soja, da kurtun da ya yi laifi aka sa shi tsallen kwaɗo ya dawo layi gobe. Horo ake yi a barikin Samanja, domin in an kori kurtu wa za a yi wa tsawa mako mai zuwa?

Haka Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da wasannin CTV Kano, tashar da aka kafa zamanin gwamna Abubakar Rimi. Gwarazansu masu shisshigi ne da 'yan buga-buga, jikokin Gizo, waɗanda wayonsu ke kai su ya baro. Mutumin da ba shi da aiki ya cika allon, amma a matsayin malalaci ko ɗan damfara. Yadda aka yi ya rasa aikin, da wanda ya sa hannu a takardar, da wuya a waiwaye su. A kudu ma Basi and Company na Ken Saro-Wiwa a kan wannan turba ya tafi: zaunannen da ke mafarkin zama miloniya ba tare da gumi ba.

A nan ya kamata a yi wa magabata adalci. Tashoshin na gwamnati ne, gwamnatin kuma ita ce mai korar. 'Yan wasan da yawa ma'aikatanta ne: Pategi soja ne, Yazi Dogo, wanda ƙungiyarsa ta riƙe Télé Sahel a Nijar, malamin makaranta ne. Mai cin albashi ba zai tsaya gaban kamarar maigidansa ya yi wasa da takardar sallama ba, alhali tasa na iya kasancewa a cikin durowa. Ko da harkar ta koma hannun 'yan kasuwa, tsoron bai gushe ba. Hukumar tace finafinai ta Kano ta kafu a 2001, a 2008 kuma Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda shi kansa tsohon gandiroba ne, ya kwana a gidan yari saboda fim ɗin Ibro Aloko.

Amma uzurin nan ba ya rufe komai. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka shiga zaryar neman garatuti shekara da shekaru, da yawa suka mutu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Aka yi ta yawo da hotunan takardun amsarsu a Facebook ana sheƙa dariya. Ga barkwanci ya samu, ba marubuci, ba darakta, kuma a kan wa ya faɗa? A kan wanda aka kora. A watan Mayun 2021 ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da Kaduna cak saboda wata sabuwar korar. Duk wannan kaya yana zube, mai kallon wasannin Hausa zai daɗe yana lalube kafin ya tuna gwarzon wasan barkwanci guda da aka gina a kan tsohon ma'aikacin masaƙa ko korarren malami.

Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo gyara mai yawa. Daɗin Kowa ya shigo da almajiri da ɗan gudun hijira da mai shaye-shaye cikin falon mutane, ya ba su suna da fuska. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuwa, a ganin mai maƙalar, shi ne ofishin Bahaushe na gaskiya. Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ya fito a matsayinsa, attajiri ne tsoho mai maƙo, 'ya'yansa rututu sun kewaye shi kowa na lissafin gado. Dukiyar ita ce kamfanin, uban shi ne manaja, barazanar a fitar da mutum daga gida ko daga rabo ita ce takardar kora. Ƙarya da munafunci da cin dunduniyar ɗan'uwa duk suna nan, kamar a Scranton. Kuma dokar nan ba ta canja ba: ɗa ba ya koruwa. Za a fatattake shi yau, gobe a gan shi a tsakar gida yana jiran abinci.

Ɗakin maigida

A Aljeriya ma an sha wannan ɗaci. Bayan yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1994, an rushe kamfanonin gwamnati masu yawa, ɗaruruwan dubban ma'aikata suka koma gida, a shekarar ce kuma aka kafa asusun inshorar rashin aiki da ake kira CNAC. A 2022 shugaba Tabbun ya fara biyan matasa marasa aiki alawus na dinari 13,000 a wata. Ɗan ƙasa, ko ba komai, yana da tagar da zai je ya tsaya.

Wasan barkwancin azumi babbar kasuwa ce a can, kuma sunan da ya fi fice shi ne Djaffar Gacem, mai Nass Mlah City da Djemai Family. Da ya tashi taɓa masu mulki sosai, a Achour El Acher da ya fara a tashar Echorouk a 2015 da Salah Aougrout a matsayin sarki, sai ya ƙirƙiro masarautar da babu ita a taswira, ya sa wa kowa rawani da alkyabba. Wasan gauta ke nan da Larabcin Aljiyas: a faɗa wa sarki gaskiya a cikin riga. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi aiki. Sai dai a shekarar da zango na biyu ya fita, 2017, aka yi ta yaɗa kiraye-kirayen korar baƙaƙen fata 'yan Afirka a shafukan sada zumunta na ƙasar, Ahmed Ouyahia, wanda ba da jimawa ba ya zama firaminista, ya fito ya danganta baƙin haure da miyagun laifuka da ƙwaya. Ɗan ci-ranin da ke ban-ruwa a bayan gida ba ya cikin masarautar da ake wa dariya a falo. Ko a matsayin bare ba a gayyace shi ba.

Bayan lambu

A nan ne tambayar maƙalar ta daina zama ta adabi kawai. Yaron lambu a Abalessa ko leburan gini a Tamanrasset ba shi da takardar ɗauka, balle ta sallama. Yarjejeniyarsa ta baka ce, kuɗinsa sau da yawa a hannun maigida suke taruwa sai zai tafi gida. Wasu daga cikin masu bin hanyar ma korarru ne tun daga Nijar: a ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar yuraniyom ta Akuta kusa da Arlit, ma'aikata wajen 600 suka tashi, ban da na 'yan kwangila, waɗanda ba su samu irin sallamar da 'yan gida suka samu ba. Ko a ramin haƙar ma'adini akwai ɗan gida, akwai bare.

Korarsa kuwa ba daga aiki kaɗai ba ce, daga ƙasa ce. Tun bayan da mutum 92, galibi mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada a watan Oktoban 2013 a kan hanyarsu ta shiga Aljeriya, ƙasashen biyu suka shirya mayar da 'yan Nijar gida, aka fara a Disamban 2014. Abin ya wuce yadda aka tsara. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an zubar da mutum fiye da 13,000 a hamada cikin wata 14. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da 30,000 a 2024 kaɗai. Ana kama mutum a bakin aiki, da siminti a hannunsa, kuma waɗanda aka koro sun sha ba da labarin albashin watanni da suka baro. Maigidan da ke son cinye gumin yaro ba sai ya ƙirƙiri sata ba, ba sai ya yi kora da hali ba. Shiru kawai zai yi ranar da motar jandarma ta tsaya.

Wannan shi ne mai kallon da ke riƙe da waya a bayan lambu yana dariyar 'ya'yan Badamasi. Ba laifi ba ne ya yi dariya, ya wuni a rana, haƙƙinsa ne. Abin lura dai shi ne wasan ya zaunar da shi a kujerar ɗan gida, yana jin daɗin wayon mai wayo, alhali a rayuwarsa shi ne Devon, shi ne Debbie Brown, wanda labari ke buƙatar ya ɓace don sauran su ci gaba da zama.

Wani zai ce aikin barkwanci ban-dariya ne, ba wa'azi ba, kuma mai maƙalar ya yarda. Wasan Hausa ma wa'azin ne ya yi masa yawa, kowane mugu sai an kama shi a kashi na ƙarshe an yi masa nasiha. Abin da ake magana a kai wurin ajiye kamara ne. The Office na Ingila ya gwada juya ta sau ɗaya, a ƙarshen zango na biyu a 2002, lokacin da korar ta faɗo kan Brent kansa, ya zubar da girman ya shiga roƙon a bar shi, dariya ta maƙale wa mai kallo a wuya. Na Amurka ya biya bashinsa da arha: a kashi na ƙarshe, a 2013, aka ce an mayar da Devon bakin aikinsa, bayan shekara bakwai da 'yan watanni da ba wanda ya tambayi me yake ci.

Motocin da ke kwasar mutane daga Tamanrasset suna yin kudu kimanin kilomita 400 zuwa In Gezzam. 'Yan Nijar akan kai su har garin Asamaka na ƙasarsu a jerin manyan motoci. Sauran, ciki har da Hausawan Najeriya, akan sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, a nuna musu hanyar Asamaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga rumfar farko. Da yawansu sukan iso ba waya, an karɓe a hanya.